Kalori nawa ke cikin kayan lambu, kuma me ke isa jiki daga cikinsu?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa wata uku ke nan tana ƙoƙarin rage ƙiba. Ta rage cin shinkafa da burodi, ta koma cin kayan lambu safe da yamma, amma sikeli ya ƙi motsi. Tana so a faɗa mata kalorin da ke cikin kayan lambun da aka saba ci. Ta kuma ji ana cewa karas da albasa sukari ne zalla, sannan wai mai cin ganye ba ya buƙatar nama ko maganin ƙarin jini. Shin gaskiya ne?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Wata uku ba kwana uku ba ne, kuma wanda ya jure wannan ya cancanci a ba shi amsa cikakkiya. Lissafin da kike nema zan ba ki shi, amma tun yanzu ina faɗa miki cewa da wuya laifin ya kasance na kayan lambun. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a irin labarinki, abin da na fi zargi yana cikin kwalbar da ke gefen murhu. Za mu zo kansa.

Mu fara da kalorin kansa, don mutane suna ambatonsa kamar wani sinadari ne da ake zubawa a abinci. Ma'auni ne na kuzari, kamar yadda mita take ma'aunin tsawo. Kalori ɗaya na abinci, wanda ake rubutawa kcal a jikin fakiti, shi ne zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Wilbur Atwater, shi ya daidaita lissafin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da shi ake aiki: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin 4, giram ɗaya na mai ko kitse 9. Ruwa ba ya ba da komai. Bitamin da sinadarai irin su ƙarfe da kalsiyam su ma ba su da kalori ko ɗaya. Idan kin riƙe wannan, ke da kanki za ki iya hasashen kowane kayan lambu tun kafin ki duba jadawali: ki tambayi kanki, ruwa ya fi yawa a cikinsa ko sitaci?

Yawancinsu ruwa ne. Kokwamba, kashi 95 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, shi ya sa giram 100 ba ya wuce kalori 15. Duk alƙaluman da zan kawo na giram 100 ne na ɗanyen abu, kamar yadda suke a jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda shi aka fi dogara da shi a duniya. Latas yana tsakanin 14 da 17 gwargwadon iri, tumatir 18, koren tattasai 20, alayyafo 23, kabeji 25, farin kabeji 25, yalon turawa 25, kabewa 26. Gaba kaɗan akwai koren wake mai 31, jan tattasai wajen 30, kuɓewa 33, burokoli 34. Albasa 40, karas 41. Duk waɗannan, a wurina, gida ɗaya suke, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɓata lokacinsa yana lissafin bambancin kabeji da kuɓewa. Bambancin kalori takwas ne, wajen rabin ƙaramin cokali na sukari ke nan. Babban mutum yana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana, wani sama wani ƙasa. Ko da kilo guda na kabeji kika cinye, in cikinki zai ɗauka, kalori 250 kika samu.

Gida na biyu shi ne na masu sitaci, kuma a nan ne ake fara ganin lissafi na gaske. Dankalin turawa 77, fis (koren waken nan mai zagayayyun ƙwayoyi) 81, dankali mai zaƙi 86, ɗanyar masara 86, doya 118, rogo 160. Waɗannan a kasuwa tare ake jera su da kayan lambu, amma a cikin jiki aikin shinkafa da burodi suke yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ce kowa ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ta cire dankalin turawa da dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci daga cikin lissafin. Idan shinkafar da kika rage da dankalin turawa kika maye gurbinta, to, ba ki rage abin da kike zaton kin rage ba. Ba wai mugun abinci ba ne, kar ki fahimce ni a baibai. Dafaffen dankalin turawa yana ƙosarwa sosai, yana da fotasiyam miligiram 425 a giram 100 na ɗanyensa, fiye da ayaba mai 358 wadda ita ake ta yi wa kirari. Sai dai a ajiye shi a mazauninsa na abincin ƙoshi.

Akwai biyu da suke rikita masu duba jadawali. Tafarnuwa tana da kalori 149 a giram 100, sai mutum ya firgita, alhali ƙwaya ɗaya ba ta wuce giram 3 ba, wato kalori 4 ko 5. Wa ke cin giram 100 na tafarnuwa? Fiya kuwa akasin haka ce: 160 a giram 100, kusan duka daga mai, kuma mutum yana iya cinye guda a zama ɗaya bai ji komai ba. Mai ne mai kyau ga zuciya, amma kyawunsa ba ya rage masa kalori.

To, zancen karas da albasa. Gaskiya ne suna da sukari, ana ma jin zaƙinsa a baki, musamman in albasa ta soyu ta yi ja. Amma nawa? Giram 100 na karas yana da sukari ƙasa da giram 5. Matsakaicin karas guda, mai nauyin giram 60, yana da wajen giram 3, bai cika ƙaramin cokali ba. Lemon gwangwani guda ɗaya na iya ɗaukar giram 35. Sai kin ci karas goma sha biyu kafin ki kamo shi, kuma kafin ki kai na biyar muƙamuƙinki ya gaji. Sukarin karas a kulle yake cikin harza, wato ɓangaren da hanji ba ya narkarwa, a hankali yake shiga jini. Har masu ciwon suga ba a hana su karas da albasa. Inda nake ɗan jan hankali shi ne a matse karas a zubar da tukarsa a sha ruwan, domin a nan an cire birkin, kuma kofi ɗaya yana cin karas da yawa.

Yanzu ga abin da na ce miki na fi zargi. Babban cokali ɗaya na man girki, ko wane iri ne, na gyaɗa ko na zaitun ko na waken suya, kalori 120 ne. Wato cokali ɗaya daidai yake da kusan rabin kilo na kabeji. Akwai gwajin da nake sa masu zuwa wurina su yi, kuma ina so ke ma ki yi shi yau: ki ɗauko tukunyarki babu komai a ciki, ki tsiyaya mai kamar yadda hannunki ya saba, ba tare da kin yi tunani ba, sannan ki juye shi a kofi ki auna da cokali. Ban cika ganin wanda ya yi wannan bai riƙe baki ba. Abin da mutum yake kira "ɗan mai kaɗan" sau da yawa cokali huɗu ne ko biyar. Mu lissafa: albasa giram 100, tumatir 300, tattasai 100, duka ba su kai kalori 130 ba. Man da aka soya su a ciki, in cokali biyar ne, 600. Kashi huɗu cikin biyar na kalorin wannan tukunya daga kwalba ya fito, amma idan an tambayi mai girkin me ta ci, cewa za ta yi kayan lambu.

Haka ma haɗin ɗanyen ganye. Ki yanka kabeji giram 100, kokwamba 100, tumatir 100, karas 50, latas 50. Faranti ya cika maƙil, kin sami giram 400 ɗin nan a zama ɗaya, kalori bai kai 90 ba. Sai ki kawo mayonis babban cokali uku ki kwaɓa. Kowane cokali wajen 90 ne, kin ƙara kusan 280, farantin ya ninka sau huɗu alhali a ido bai ƙaru da komai ba. Yalon turawa ya fi kowa iya wannan yaudara, don cikinsa kamar soso yake. Ki jefa yankansa a kasko ki tsaya ki gani, kafin ki juya man ya ɓace, sai ki ƙara, shi ma ya ɓace. Abin da ya shiga kasko da kalori 25 zai fito da ninkin-ba-ninkin. Dankalin turawa dafaffe 87 ne, soyayye a mai mai yawa ya haura 300, siririn nan mai ƙaras-ƙaras na cikin leda kuwa ya wuce 500. Dankalin ɗaya ne. An kore ruwansa ne an cusa mai a gurbin.

Ba cewa nake ki daina sa mai ba, nan gaba kaɗan ma za ki ji dalilin da ya sa ganye ke buƙatarsa. Ki riƙa aunawa da cokali kawai, ki daina tsiyayawa daga bakin kwalba.

Wani abin da ke ruɗa lissafi shi ne bambancin ɗanye da dafaffe da busasshe. Kin san yadda ganye yake: ki cika tukunya har murfi ya ƙi rufuwa, bayan minti biyar ki buɗe ki tarar da abin da bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Kofi ɗaya na ɗanyen alayyafon turawa giram 30 ne, kalori 7. Kofi ɗaya na dafaffensa giram 180 ne, kalori 41. Wuta ba ta ƙara masa komai ba, kofi shida na ɗanyen ganye ne suka matsu a wurin ɗaya. Wannan ma alheri ne, don da dafuwa mutum yake iya cin ganye mai yawa. Busarwa ta fi haka: tumatir ɗanye 18, na gwangwani mai kauri wajen 80, busasshe ya haura 250. Saboda haka duk lokacin da kika ga adadi, ki fara tambaya na wane hali ne. Kuma ki sani alƙaluman nan matsakaici ne. Iri, da ƙasar da aka shuka, da nunar abin, da kwanakin da ya yi bayan an cire shi, duk suna motsa su. Wanda ya ce miki tumatirinki kalori 18 ne daidai ba ƙari ba ragi, jadawali yake karanta miki.

Af, kafin in manta. Za ki ji ana cewa akwai kayan lambun da narkar da su ke cin kalori fiye da wanda suke bayarwa, wai kokwamba da latas suna "ƙona kitse". Babu wannan. Narkar da abinci yana cin wajen kashi goma cikin ɗari na kuzarinsa ne kawai. Amfaninsu ga mai rage ƙiba shi ne suna cika ciki da ruwa da harza, sai wurin sauran abinci ya ragu. In an ci su a kan abin da aka saba ci ba tare da an rage komai ba, sikeli ba zai san an yi ba.

Ni a ganina, tambayar da ta fi kalori muhimmanci ita ce me kowane ganye yake kawowa, domin a nan ne suka bambanta nesa ba kusa ba. Kokwamba da alayyafo kusan kalorinsu ɗaya, amma ɗaya ruwan sanyi ce mai daɗi, ɗayan kuwa rumbu ne.

Ɗauki bitamin C. Kowa lemo yake tunawa, kuma lemon zaƙi yana da miligiram 53 a giram 100. Jan tattasai yana da kusan 128, ya ninka shi fiye da sau biyu. Burokoli 89, koren tattasai 80, farin kabeji 48, kabeji 37, kuɓewa 23, tumatir 14. Mace baliga tana buƙatar wajen miligiram 75 a rana, namiji 90, wato rabin babban jan tattasai ɗanye ya biya miki buƙatar yini. Ba banza ba ne masanin nan ɗan ƙasar Hungari, Albert Szent-Györgyi, ya koma ga jan tattasan garin Szeged lokacin da yake neman inda zai tatsi bitamin C mai yawa, aikin da yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1937. Matsalar wannan bitamin ita ce raki. Yana narkewa a ruwa, zafi yana lalata shi, iska ma haka. Ki yanka kabeji ƙanana, ki wanke shi bayan yankan, ki bar shi a ruwa, ki tafasa shi ya daɗe, ki tsiyaye ruwan: rabi ko fiye ya bi rariya. Shi ya sa ake cewa a wanke kafin a yanka, a yanka dab da girki, a turara ko a dafa da ruwa kaɗan, ruwan kuma a bar shi cikin abincin. Idan koren ganye ya koma launin toka-toka a tukunya, an wuce gona da iri.

Folet, wani bitamin daga dangin B, shi ma haka yake da raki. Sunansa daga kalmar Latin ta ganye aka samo shi, don daga ganyen alayyafon turawa aka fara tace shi a 1941. Giram 100 na wannan ganye yana da maikrogiram 194, latas mai duhun kore 136, burokoli da kuɓewa wajen 60. Buƙatar babba 400 ce a rana. Ga macen da ke shirin ɗaukar ciki, ganye kaɗai ba a dogara da shi, ana ba ta ƙwayar folik asid tun kafin cikin, saboda laka da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne a makonni huɗu na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba.

Bitamin A kuwa halinsa daban. Kayan lambu ba su da shi kai tsaye, suna da karotin ne, launin nan na ruwan lemo, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Karas yana ba da kwatankwacin maikrogiram 835 a giram 100, dankali mai jan ciki 709, alayyafon turawa 469, kabewa 426, buƙatar mace kuwa 700 ce, namiji 900. Ki lura na ce mai jan ciki. Farin dankali kusan babu komai na karotin a cikinsa, duk da kalorinsu ɗaya. Haka latas: farin nan mai dunƙulewa kamar kabeji yana da 25 kacal, mai dogon ganye mai duhu ya haura 400. Launi a nan shaida ne, kuma koren ganye mai duhu yana da karotin ɗin, koren ne ya rufe shi. Ganyen waje na kabeji da ake ɓarewa a zubar ya fi farin cikin karotin. Shi karotin wuta ba ta cika damunsa ba, tana ma taimakonsa, domin tana fasa bangon ƙwayoyin ganyen ya fito. Sannan a mai yake narkewa, in babu maiƙo a abincin, kaɗan ne hanji zai ɗauka. Ga amfanin man da na ce kar ki daina: ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ya wadatar, ba sai ganye ya yi iyo ba. Jan launin tumatir, wanda ake kira laikofin, shi ma dafaffe da ɗan mai ya fi shiga jiki a kan ɗanye. To kin ga masu cewa ɗanye ya fi dafaffe da masu cewa dafaffe ya fi, kowa ya kama rabin gaskiya. Tumatirin da kika dafa ya yi asarar wani ɓangare na bitamin C, ya ci ribar laikofin. Mafita ita ce a ci wannan a ci wancan.

Karas yana maganin dundumi idan ƙarancin bitamin A ne ya kawo shi, amma ba ya sa mai tabarau ya ajiye tabarau. Labarin ya yi ƙarfi ne tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Ingila ta riƙa yaɗa cewa karas ne ke sa matuƙan jiragenta gani da dare, alhali na'urar rada ce ke aikin. Wanda kuma ya yawaita karas ko kabewa har tafin hannunsa ya yi ɗorawa, kar ya tsorata, ba ciwon shawara ba ne muddin farin idonsa yana nan fari, kuma yana washewa in an rage.

Sai batun jini, kuma a nan nake so ki saurara da kyau, don wannan kuskure yana cutar da mata. Gaskiya ne alayyafo yana da sinadarin ƙarfe, tsakanin miligiram 2 da 3 a giram 100. A takarda wannan ya yi daidai da jan nama. Amma abin da ke cikin faranti daban, abin da ke isa jini daban. Ƙarfen nama, jiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa. Na tsirrai, daga kashi 2 zuwa 20, kuma na ganye irin alayyafo yana can ƙasa-ƙasa. Mace mai jinin al'ada tana buƙatar miligiram 18 a rana, mai ciki 27, namiji 8. Ana iya taimakon ƙarfen ganye: a haɗa shi da mai bitamin C a abinci ɗaya, tumatir ko tattasai ko matsin lemon tsami, ko ɗan nama ko kifi, sannan a jinkirta shayi da kofi zuwa awa ɗaya bayan cin abinci, domin suna ɗaure ƙarfen. Wannan duk na kariya ne. Wadda aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, aka rubuta mata magani, ta sha maganinta, ganye ba zai cike wannan rami da sauri ba.

Kalsiyam ma irin wannan wasan yake yi. Alayyafon turawa yana da miligiram 99, alayyafo na gida ya haura 200, a ido sun kamo madara ko sun wuce ta. Amma suna ɗauke da wani sinadari, okzalet, da ke riƙe kalsiyam ɗin ya hana shi shiga. An auna na alayyafon turawa, wajen kashi 5 cikin ɗari kawai jiki ke samu, madara kuwa wajen 30. Kabeji da burokoli, nasu bai kai yawan na alayyafo ba amma ya fi shiga, don okzalet ɗinsu kaɗan ne.

Maganar cewa mai cin ganye ba ya buƙatar nama, ya danganta da abin da ya sa a madadin naman. Ganye ba zai ba ki furotin ba. Alayyafon turawa da burokoli, da suke cikin na gaba-gaba, ba su kai giram 3 a giram 100 ba, fis ne ya ɗan haura 5. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen giram 48 a rana, sai ya ci fiye da kilo ɗaya da rabi na alayyafo. Wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, madara, kifi, su ne masu wannan aiki. Kuma ga mai rage ƙiba furotin ba abin wasa ba ne, shi ke riƙe ciki ya hana yunwar da ke sa a kai hannu kan biskit da la'asar, shi ke kare tsoka kada ta zube tare da kitse. Na sha ganin wadda ta ci ganye zalla da rana, kafin dare yunwa ta kore ta zuwa ga duk abin da ta tarar. Bitamin B12 kuwa babu shi a kowane kayan lambu, ko kaɗan. Wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya, tilas ya sha ƙwayarsa, in ba haka ba ƙarancin yana taɓa jini da jijiyoyi, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana.

Harza, wato ɓangaren da hanji ba ya narkarwa, yawancin kayan lambu suna da giram 2 zuwa 3 a giram 100: kabeji 2.5, karas 2.8, yalon turawa 3, kuɓewa 3.2, fis ya haura 5, kokwamba rabin giram kacal. Ana son babba ya sami aƙalla giram 25 a rana, kin ga giram 400 na kayan lambu ba zai kai ki ko rabi ba sai da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba. In kin ƙara, ki ƙara a hankali tare da shan ruwa, don kabeji da albasa da farin kabeji suna kumbura cikin wanda bai saba ba.

Na daskarewa a firiza ba su da laifi, galibi ana daskarar da su jim kaɗan bayan girbi, har sukan fi ganyen da ya kwana huɗu yana yaushi. Na gwangwani ki duba gishirinsa, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye, domin ɗanyen kayan lambu kusan ba shi da gishiri, kuma abin da ake so kada babba ya kai giram 5 a rana. Ganyen da za a busar, inuwa ta fi rana, hasken rana yana cinye karotin.

Akwai mutum uku da wannan shawara ta gama-gari ba ta hau kansu kai tsaye ba, ban sani ba ko kina cikinsu. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini: koren ganye cike yake da bitamin K, alayyafon turawa yana da maikrogiram 483 alhali buƙatar yini wajen 90 zuwa 120 ce, kuma wannan bitamin yana rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi ganye, ana so ne ya daidaita, kada ya ci tuli wannan mako ya bari mako mai zuwa, kuma ya sanar da likitansa in zai canza. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa: fotasiyam ɗin da ke taimakon mai hawan jini shi yana iya taruwa a jininsa ya taɓa bugun zuciya. Irinsa ne ake ce wa ya yanka dankali ƙanana, ya tafasa da ruwa mai yawa, ya zubar da ruwan, wato daidai abin da na hana ki ɗazu. Sai mai yawan yin tsakuwar ƙoda, wanda akan ce ya rage ganye masu okzalet, ya yawaita ruwa.

Game da sikelinki, ga abin da zan so ki yi na mako biyu kafin ki canza komai. Ki auna mai da mayonis da cokali, ki rubuta. Ki rubuta abin sha ma, shayi mai sukari da madara da lemo, don su ne aka fi mantawa. Ki raba farantinki: rabi daga gida na farko na masu yawan ruwa, kwata na furotin, kwata na sitaci, dankali da masara kuma a wannan kwatan na ƙarshe za su zauna. Idan bayan haka lissafi ya nuna da gaske kin rage kuma nauyi bai motsa ba har wasu makonni, ki je a duba miki maƙoƙo da sukari, ki kuma tafi da duk magungunan da kike sha, domin akwai waɗanda ke ƙara nauyi ko riƙe ruwa a jiki, har da wasu na tsarin iyali da masu ɗauke da sitiroid.